Hoton kai ya fito lafiya, washegari ɓarin jiki ya shanye: ina muka yi sake?

Likitan Dare: Slm jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ga gara in kawo shi nan ko na samu sauƙi. An kawo mana wani saurayi, hatsarin mota, idonsa biyu yana gane kowa yana amsa tambaya duk da muƙamuƙinsa ya karye. Muka yi masa sitin kai, wato hoton CT mai nuna cikin jiki yanki-yanki, babu jini babu komai, ƙashin wuya ma lafiya lau, aka kwantar da shi ana jiran masu gyaran ƙashin fuska. Daren farko ba abin da ya faru. Washegari da yamma sai nas ta kira ni wai hannunsa na dama ya saki kuma magana ta harɗe, muka ruga da shi siti, wannan karon da ruwan rini a jijiya don jijiyoyin jini su fito a hoton, sai ga jijiyar karotid ta hagu, babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa, ta tsage daga ciki can sama kusa da gindin ƙoƙon kai, gudan jini ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Wlh a wuyan yaron nan ko ƙwarzane babu. To ni tambayata, wa ya kamata a duba wa jijiyoyin wuya tun daga farko? Kowa da kowa ne ko akwai ƙa'ida?

Baban Tiyata: Wslm. Sannu ƙanena, Allah ya ba shi lafiya. Kar ka ɗora wa kanka fiye da kima, amma kuma ba zan ɓoye maka ba, karayar muƙamuƙi a hatsari mai ƙarfi tana cikin jerin abubuwan da ake cewa a yi hoton jijiya saboda su. Ba ta cikin tsohon jerin, a wanda aka faɗaɗa a 2012 aka shigar da ita, shi ya sa da yawa daga cikinmu da muka haddace na farko muke tsallake ta.

Ɗalibin Aji Biyar: Ranka ya daɗe ku yi min haƙuri, wane jeri? Kuma ni abin da ban gane ba ma, yaya jijiya za ta tsage alhali ba wuƙa ba harsashi, fata ma ba ta fashe ba?

Baban Tiyata: Tambaya mai kyau, bari in fara da ta biyun. Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa ta wuya. Karotid biyu a gaba, sai biyu a baya da ke ratsa wasu ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, yawanci daga ƙashi na 6 har zuwa na 1 kafin su shige kai. Bangon jijiya hawa uku ne, na cikin sirara ne ainun. Idan kai ya wurgu baya da ƙarfi kuma ya juya gefe a lokaci guda, karotid tana miƙewa a kan ƙasusuwan wuya na sama, sai wannan shimfiɗar ta ciki ta yage. Na bayan kuwa tunda a cikin ƙashi suke, ƙashin na karyewa ko ya goce sai ya tafi da su. Akwai kuma duka kai tsaye a wuya, da karayar gindin ƙoƙon kai da ta bi ta ramin da karotid ke wucewa, da yaron da ya faɗi da fensir ko buroshi a baki ya soki can ƙuryar maƙogwaro.

Inda matsalar take shi ne yagewar ba ta hana jini wucewa nan take. Jini na tafiya, mutum na hira da kai, amma a wurin da ya yage ƙwayoyin daskarar da jini suna ta taruwa, sai sun yi gudan da zai ɓalle ko ya toshe hanyar gaba ɗaya. Mafi yawan shanyewar jikin tsakanin awa 10 zuwa 72 bayan hatsarin take zuwa. Wannan tazarar ita ce damarmu, in ka ce sai ka ga alama to ihu bayan hari ka yi.

Jerin kuma na mutanen Denba ne a jihar Kolorado ta Amurka, su Walter Biffl, tun shekarun 1990 suke kan aikin. Na Mamfis a Tenesi ma suna da nasu, sun yi kama.

Sista Mai Dakin Gaggawa: Ni dai na manna shi a bango kusa da wayar ɗakinmu don ba na yarda da ƙwaƙwalwata ƙarfe ukun dare. Kashi biyu ne. Akwai waɗanda alama ta riga ta fito, kamar jini mai tsartuwa daga wuya ko hanci ko baki, kumburin wuya da ke ƙaruwa kana kallo, ƙarar shuu a kan karotid in ka ɗora abin saurare ga wanda bai kai shekara 50 ba, raunin ɓari ɗaya, ko kuma yanayin mara lafiya ya fi abin da hoton kai ya nuna muni. Waɗannan ba gardama a kansu. Sai waɗanda ba alama amma irin rauninsu ne ke sa a zarga, karayar ƙashin wuya ko gocewarsa, karayar tsakiyar fuska mai tsanani da ake kira Le Fort ta 2 da ta 3, muƙamuƙi, gindin ƙoƙon kai, mummunan bugun kai da makin Gilasgo, ma'aunin yadda mutum yake cikin hayyacinsa, ya yi ƙasa da 6, wanda aka ceto daga rataya, wanda igiya ko waya ta shaƙe a guje, shatin bel ɗin mota a wuya in ya zo da kumburi ko ciwo sosai, fatar kai da ta saluɓe, karayar haƙarƙarin sama da raunin manyan jijiyoyin ƙirji.

Mai Hoto: To ai sista in aka bi wannan jerin naki wa ya rage? Kusan duk wanda aka kwaso daga babban hatsari yana da ɗaya daga ciki. Ku kuna rubuta takarda ne kawai ku turo, mu ne muke zaune da hoto ɗari-ɗari muna bin jijiya yanki-yanki, ga layi a waje mai ciwon ciki na jira mai bugun kai na jira. Kuma ku faɗi gaskiya, cikin masu hatsarin da ake kwantarwa nawa ne ke da wannan abin? Ɗaya zuwa biyu ne fa cikin ɗari, in an matsa bincike ya ɗan haura.

Likitan Dare: Malam ai ɗaya cikin ɗarin nan shi ne yake kwance a wajenmu ba ya iya kiran sunan mahaifiyarsa.

Mai Hoto: Na ji, kuma ban raina ba wlh. Amma ka bar ni in ƙarasa. Siti ba ya ƙarya amma yana ruɗi, musamman a mataki na 1. Jijiya ta ɗan tsuke saboda girgiza, ko mara lafiya ya haɗiye yawu ana cikin ɗauka, ko ƙarfen haƙori ya watsa haske, sai ka ga kamar bango ya ɗan karkace. In na rubuta "ba a kore rauni ba" shikenan kun ɗora bawan Allah kan maganin tsinka jini wata uku a kan abin da ƙila babu shi. Wannan ba cutarwa ba ce?

Ɗalibin Aji Biyar: Mataki nawa ne duka ranka ya daɗe?

Mai Hoto: Biyar ne, Biffl ɗin nan dai shi da abokan aikinsa suka tsara a 1999. Na 1 bango ya ɗan gurɓata, tsukewar ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Na 2 ta kai 25 ko ta wuce, ko ana ganin gudan jini a ciki, ko shimfiɗar cikin ta ɗago tana reto. Na 3 bangon ya yi rauni ya bunƙuro waje kamar ƙari. Na 4 ta toshe ruf. Na 5 ta tsinke jini na zuba, wannan ba zancen magani ba ne, gudu ake a tsayar da jini.

Baban Tiyata: Mai Hoto yana da gaskiya a kan ruɗin mataki na 1, na sha ganin haka. Amma ka auna abin da ke kowane ɓangaren sikeli. A ɗaya gefen asfirin ne na 'yan kwanaki, don ai ba wata uku kai tsaye ba ne, ana maimaita hoton bayan kwana 7 zuwa 10, in babu komai a tsayar, kuma fiye da rabin na mataki na 1 suna warkewa zuwa lokacin. A ɗaya gefen matashi ne da shanyewar ɓarin jiki har ƙarshen rayuwarsa. Mutanen Denba da suka bi marasa lafiyarsu sun ga cikin waɗanda ba a ba magani ba kusan ɗaya cikin biyar jikinsu ya shanye, waɗanda aka fara wa magani kafin alama ta fito kuwa ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Na san ba irin binciken da ake raba mutane gida biyu da ƙuri'a ba ne, kuma wasu da ba a ba maganin ba dama sun fi jin jiki shi ya sa aka hana su, amma tazarar ta yi faɗin da ba za a kawar da kai ba.

Dakta Ƙwaƙwalwa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Yallaɓai duk abin da ka faɗa haka ne amma kun yi maganar kamar maganin ruwan sha ne. Wanda ya fi haɗarin samun raunin jijiyar nan shi ne dai wanda ya fi haɗarin zubar jini, mai jini a cikin kai, mai saifa da ta fashe, mai karayar ƙugu. Ku gano raunin ƙarfe biyun dare sannan ku kira ni kuna tambaya ko a fara hefarin, maganin hana jini daskarewa, alhali ina kallon jini kwance a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Gaba kura baya sayaki. In na ce a fara jinin ya ƙaru an yi gudun gara an faɗa gidan zago, in na ce a jira jiki ya shanye a ce ni na hana.

Baban Tiyata: Haka ne Dakta, kuma ba wanda ke da amsa ɗaya da za ta yi wa kowa. Amma sanin raunin yana nan ya fi rashin sani ko da ba za ka fara magani yau ba. In ka sani za ka maimaita sitin kai, da ka ga jinin ya tsaya cak sai mu zauna mu sa lokaci, ba za ka bar hawan jininsa ya faɗi ba, kuma nas za ta san me take tsaro. Shi ya sa ma aka fi son hefarin na ɗigo ga wanda ƙila zai shiga tiyata, ba a fara shi da babban zubi, a hankali ake ɗiga shi ana auna lokacin daskarewar jini a riƙe lokacin wajen daƙiƙa 40 zuwa 50, in jini ya ɓalle a kashe, cikin 'yan awanni ya fita daga jiki. Asfirin kuwa in ya shiga ya shiga, sai jiki ya yi sabbin ƙwayoyi, kusan mako guda.

Dakta Ƙwaƙwalwa: Ni a wajena in ba tiyata a gaba asfirin na fi nutsuwa da shi. Wasu na ba da miligiram 81 wasu 325. Akwai wani bincike mai suna CADISS na 2015 da ya gwada dangin asfirin da dangin hefarin a mutum 250 masu tsagewar jijiyar wuya bai ga bambanci ba, sai dai su ba 'yan hatsarin da suka kakkarye ba ne, don haka ba na jingina da shi gaba ɗaya.

Ɗalibin Aji Biyar: To me zai hana a ɗora na'urar sikanin a wuya kawai, irin wadda ake duba ciki da ita? Ba haske mai cutarwa, ba ruwan rini, kuma a bakin gado za a yi.

Mai Hoto: Haba ɗalibi, da haka ne ai da na fi kowa murna. Sikanin ba ya ratsa ƙashi. Mafi yawan raunin karotid can sama yake inda take shiga ƙoƙon kai, bayan muƙamuƙi, na bayan kuma a cikin ƙashi suke ɓoye, ga abin ɗaure wuya ya tare maka hanya. Za ka ga ƙasa lafiya ka ce lafiya alhali ɓarnar na sama. Em'ar'ai kuma, hoton nan da ake ɗauka da maganaɗisu, yana cin lokaci, wanda ke kan na'urar numfashi jini na sauka ba ka kai shi can ka rufe. Sitin jijiya shi ne abin yi, amma injin ya zama aƙalla mai ɗaukar yanka 16 a juyi ɗaya, mai 64 ya fi. Mai raba gardama shi ne wanda ake zura siririn bututu ta cinya a harba rini kai tsaye, sai dai shi kansa yana da nasa haɗarin, ba a yi wa kowa.

Sista Mai Dakin Gaggawa: Ni abin da nake so ƙananan ma'aikata su riƙe, ku kalli ido. Fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, ƙwayar idon wannan ɓarin ta fi ɗayar ƙanƙanta, wannan ita ce alamar da ake kira Hona, jijiyoyin laka da ke manne da karotid ne suka taɓu. Mun saba in muka ga ƙwayar ido ba daidai ba hankalinmu na tafiya kan babbar, muna tsoron jini a kai, alhali wani lokacin ƙaramar ce mai matsalar. Da wanda zai ce miki hannuna ya mutu na minti biyar ya dawo, ko ido ɗaya ya yi duhu ya washe, kar a rubuta "ya samu sauƙi" a wuce, a kira likita.

Wani Mai Karatu: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, an sa ni a rukunin ne don ina koyar da taimakon farko. Wannan ne abin da ya kashe ɗan wasan kurket ɗin nan na Ostireliya?

Dakta Ƙwaƙwalwa: Eh, Phillip Hughes, Nuwamba 2014 a Sidni. Ƙwallo ta same shi a gefen wuya ƙasa da inda hular kariya ta rufe, jijiyar baya ta tsage jini ya malala cikin kai, bayan kwana biyu ya rasu. Amma nasa nan take ya faɗi, ba irin mai ɓuya da muke magana a kai ba ne. Abin da za ka koya wa ɗalibanka shi ne duka a wuya ba ƙaramin abu ba ne ko da fata ba ta nuna ba.

Likitan Dare: To ni yanzu wata tambayar ta taso min. In jeri ne mafita, ai jerin ma an yi ta faɗaɗa shi ne saboda yana zubar da mutane. Na karanta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu raunin ba su da ko ɗaya daga cikin tsoffin sharuɗɗan. Wasu cibiyoyi a Amurka sun daina wahalar da kansu, duk wanda hatsarinsa ya kai a yi masa sitin jiki gaba ɗaya sai a haɗa da jijiyoyin wuya a tafi ɗaya. Me ya sa ba za mu ce haka ba kawai mu huta da haddar jeri?

Mai Hoto: Na san nan za a zo. Gaskiya in dai mutum ya riga ya hau teburin za a yi masa kai da wuya da ƙirji da ciki, kuma dama za a ba shi rini, ƙara wuyan ba wani dogon aiki ba ne, ya ma fi min sauƙi a kan ku dawo min da shi bayan awa huɗu a sake ɗagawa a sake zuba rini karo na biyu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tsohuwar da ta zame a banɗaki ko wanda aka ɗan goga wa mota a baya ya shigo da ƙafarsa a ce shi ma a yi. Kuma ku sani duk yadda kuka faɗaɗa raga haka za ku kamo na ruɗi da yawa.

Baban Tiyata: Nan na tsaya ni ma. Mai babban hatsari da za a yi wa sitin jiki duka, a haɗa. Wanda bai kai nan ba, a bi faɗaɗɗen jeri ba tsohon ba. Kuma don Allah a daina jiran sakamakon gwajin ƙoda awa uku kafin a ba matashi mai lafiya rini, tsoron kar rinin ya taɓa ƙoda ya fi haɗarin yawa.

Sista Mai Dakin Gaggawa: Yara fa yallaɓai? Don iyaye na tambaya kan hasken.

Baban Tiyata: Yara daban ne. In ka ɗora musu jerin manya za ka haska da yawa a banza, ga maƙoƙon wuyansu ba ya son haske. Akwai ma'aunin Yuta da na McGovern da aka yi don su, suna duba makin Gilasgo, raunin ɓari ɗaya, karayar da ta bi ramin karotid ko ƙashin bayan kunne, da alamar shanyewa a hoton kai. Shatin bel shi kaɗai a wuyan yaron da ke wasansa lafiya ba ya isa dalili.

Ɗalibin Aji Biyar: Na ƙarshe ranka ya daɗe, na mataki na 3 da ya bunƙuro ba a sa masa ƙarfen nan da ke buɗe jijiya?

Dakta Ƙwaƙwalwa: Da can an yi ta sawa, sai aka ga waɗanda aka sa wa jijiyar tasu ta fi toshewa a kan waɗanda aka bari da magani kawai, kuma in ka sa dole ka haɗa masa maganin tsinka jini kala biyu, ga mutum da rauni ko'ina. Yanzu sai in ƙarin yana girma a hoton da aka maimaita, ko alamu na zuwa duk da magani. Saura magani ne wata 3 zuwa 6 da bibiya.

Mai Hoto: Ni dai roƙona ɗaya, in za ku turo ku rubuta min dalili. "Hatsari, a duba wuya" ba bayani ba ne. Ku ce karayar ƙashin wuya na 2 ta hagu, ko muƙamuƙi, ko ƙwayar idon dama ta ƙanƙance, in san inda zan ƙura ido. Kuma a cire masa sarƙa da ɗan kunne kafin a shigo da shi.

Likitan Dare: An gama Malam. Sista ki ɗauko min hoton takardar nan ta bangonku ki turo, ina kan aiki yau da dare. Yaron kuma an fara masa gashin ƙashi, ƙafar ta fara ɗagawa, jiya ya riƙe kofi da hannun hagu ya sha da kansa, maganar ce dai har yanzu kalma ɗaya-ɗaya.

Sista Mai Dakin Gaggawa: Allah ya ƙara sauƙi. Zan turo in na shiga, amma tawa ta tsufa, haƙarƙarin sama da biro na ƙara shi a ƙasa, ka duba da kyau kar ka tsallake.